Muzurun da Aka Kulle a Ɗakin Ajiya

Tela ce, a falonta take ɗinki, daga ita sai ƙanwarta sai kyanwoyi huɗu. Duk unguwa Uwar Maguna ake ce mata, kuma sunan yana mata daɗi.

Da babban muzurunta ya fara rama, ta kai shi wurin likitan dabbobi. Ya auna jininsa, ya ce cuta ce mai karya garkuwar jiki, irin ta kyanwoyi.

"Ba ta kama mutum, Malama," in ji likitan. "Sauran kyanwoyin ma sai ta cizo mai zurfi take kama su, kuma naki ba sa faɗa."

Ta ji, amma bai shige ta ba. Tana isa gida ta tura shi ɗakin ajiya, ta ware masa kwano, ta dinga wanke hannu kamar za ta saɓule fatar. Masu kawo ɗinki in sun tambaya, sai ta ce ya gudu.

Ƙanwar, wadda ta daɗe tana shan maganin irin cutar ta mutane, tana kallon duk abin da ake yi. Ran nan muzurun na ta kuka a bayan ƙofa, sai ƙanwar ta ajiye almakashi.

"Yaya, ni ma da can kika so ki sa ni?"

Keken ɗinki ya tsaya. Telar ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta tashi ta buɗe ƙofar, muzurun ya haye tarin yadi ya kwanta cikin 'yan'uwansa.

Har yamma ta kasa haɗa ido da ƙanwarta. Sai da aka zuba abinci ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki yafe min, auta."

Ƙanwar ta matsa mata wuri ta zauna.