Cokalin da Ɗanliti Ya Sha

Idan ka shiga kasuwar Kunci a wancan zamani ka ji ana dukan gwangwani kamar ya zagi uban wani, to ka iso rumfar Ɗanliti mai gyaran fitila. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon dalma. Zai tsinci gwangwanin madara a bola, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa ya mayar da shi aci-balbal. Matarsa Hure kan ce mijinta ya haskaka rabin ƙasar Kunci, amma ita da lalube take gane ƙofar ɗakinta.

Ƙauyensu Marken Dabo ne, inda gonaki suke manne da juna, ba ka sanin ta wane sai da shingen bini-da-zugu. Gabas da shinge mafi tsawo cikin gari ne, Musulmi. Yamma da shi Gidan Yaro, tsofaffin Maguzawa da yawancinsu suka koma coci. Daga can aka auro Kulu, mahaifiyar Ɗanliti, don haka Shago, ɗan kawunsa, taubashinsa ne, kuma tun suna yawo ba wando ba su taɓa gaisawa cikin mutunci ba.

Suna da wata al'ada da suke kira gamon fitila. Duk shekara in damin ƙarshe ya shiga rumbu, bayan magariba kowane ɓangare zai fito da fitilunsa a kunne, a haɗu a kafar shingen. Mutanen gari su hure nasu su kunna daga babbar fitilar Gidan Yaro, su ma na Gidan Yaro su hure nasu su kunna daga ta gari. Sai a zaga gonaki tare har bakin rijiya, kowa da waƙarsa. Wutar da ka ɗauko ta maƙwabci, da ita za a dama kunun safe a gidanka. Babbar fitilar gari a gidan su Ɗanliti take tun kakansa, kuma da ubansa zai miƙa masa ita magana ɗaya ya yi: "Abin da aka tsallake shekara guda ba ya dawowa. Kada ta mutu a hannunka."

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. A gidaje da yawa damin farko shi ne na ƙarshe. Kananzir ya yi ɓatan dabo, samari suka fice cin rani tun kaka ba ta kama ba, rijiya ta ja baya har matan ɓangarorin biyu suka fara harare-harare a kan gugan wa zai riga sauka.

Mai unguwa Sama'ilu ya tara dattawa a ƙofar gidansa. "Bana babu gamo," in ji shi. "Kananzir babu. Man gyaɗa kuwa, wanda ya ƙona cokali guda yara suna kallo da yunwa, ni da shi ne. Duk abin da zai shiga baki, ba za a sa masa wuta ba."

Ɗanliti ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, wanda ba ya shiga baki fa?"

"In ka samo, kawo mu gani."

Washegari ya tsallaka shinge. Ya tarar da Shago yana gyaran ƙotar fartanya.

"Ga bawana ya iso," in ji Shago. "Tuwon da babu ka zo ci?"

"Zuwa na yi in ga ko ka mutu, in gaji wandon nan naka mai tagogi."

Tsohuwa Baturiya, uwar Shago, tana jin su daga inuwar rumbu. Da Ɗanliti ya durƙusa ya faɗa mata damuwarsa, sai ta yi dariya har da tari. "Ku 'yan kananzir kun manta komai. Da hasken me kake zato muka yi kaɗin auduga da dare muna 'yan mata? Abin da ka tsallako yanzun nan."

"Shingen, Inna?"

"'Ya'yansa. A jera su a tsinke su ci kamar kyandir, a daka a tafasa su ba da mai. Ko akuya ba ta kallon su. Amma ka ji ni, ɗan Kulu, kada ko ɗigo ya taɓa harshenka."

Mako biyu ba a ji dukan gwangwani a Kunci ba. Ɗanliti yana bin shinge da buhu kamar mai neman allura, yana ɓarewa, yana daka, Baturiya tana yaɗe man daga saman tukunya. Hure ta ce mazan mutane suna neman abin da za a ci, nata ya duƙufa neman abin da ba a ci. Ta faɗa, amma ita ta murza masa lagwani tamanin daga tsohon zanenta.

Man ya fito garai-garai, launinsa sak na gyaɗa. Nan matsalar ta ɓullo. Kafin ya kai kwalbar gaban mai unguwa, magana ta riga shi isa: ashe mutanen Gidan Yaro suna da gyaɗa a ɓoye, har ta yi musu yawa suna ba Ɗanliti ya ƙona. A shekarar ƙoshi wannan zancen bakin rijiya ne. A shekarar yunwa, irinsa ne ke sa a toshe kafar shinge da ƙaya.

Sama'ilu ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana. "Ɗanliti, na girme wa wasa. Wannan man gyaɗa ne."

Ɗanliti ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, bai ga mai murmushi ba. "A ba ni cokali," in ji shi. Aka kawo. Ya tsiyaya rabi, ya yi bisimilla, ya haɗiye. "In na gyaɗa ne, gobe ku gan ni ina ƙyalli."

Ba a kai la'asar ba aka gan shi ya nufi bayan gari da buta, da saurin da ba a taɓa sanin gajerun ƙafafunsa da shi ba. Kwana biyu yana wannan sintiri. Duk wanda ya yi gulmar gyaɗa sai da ya zo dubiya yana sunkuyar da kai. Shago ma ya zo, ya tsaya a kansa.

"Kai, sakarai. Da ka kai su gindin turmi sun ga ɓawon, ai ya isa."

Ɗanliti bai ko buɗe ido ba. "Wallahi ban tuna ba."

Ranar gamo ƙafafunsa ba su ɗauke shi ba, sai a kan jaki aka ɗora shi, babbar fitilar a cinyarsa. Mutanen gari suka biyo bayansa, ba su kai rabin na bara ba, wasu da aci-balbal, wasu da 'ya'yan bini-da-zugu a jere a tsinke. Suka iso kafar shinge. Ɓangaren Gidan Yaro shiru, ba haske ko ɗaya. Bayan zargin da aka yi musu, in sun ƙi fitowa ba mai ganin laifinsu. Jakin ya fara sosa wuya a jikin shinge, wani a baya ya ce a juya. Ɗanliti ya ƙara matse fitilar ubansa, bai waiwaya ba.

Can sai wani ɗan haske ya ɓullo daga bayan rumbuna, wani ya bi shi, wani ya bi. Baturiya ce a gaba da sandarta, Shago yana riƙe mata babbar fitilarsu. Ta tsaya gaban jakin ta ƙare wa Ɗanliti kallo.

"Na ce maka kada ka sha."

"Kin faɗa, Inna."

"Saboda kai muka fito. Miƙo wutar."

Sama'ilu ne ya fara hure tasa, ya tako ya kunna daga hannun Shago. Wutar tana hayaƙi, tana sa hawaye, waƙar ma ba ƙarfi don cikin kowa a lafe yake, amma an zaga har rijiya. Da safe Hure ta dama kunu da wutar Gidan Yaro, kunun da za ka hango gindin kwano ta cikinsa.

Ɗanliti ya ƙara shekara goma sha tara yana ɗaukar fitilar kafin ya miƙa wa ɗansa. Kananzir ya dawo, amma babbar fitilar gari ba ta sake shan sa ba, man shinge ake zuba mata. Kuma duk shekara, in aka haɗu a kafar shinge, kafin a hure fitila ko ɗaya, sai Shago ya zaro cokali daga aljihu ya miƙa masa.

"Bawana, ɗanɗana mana ko na gyaɗa ne."

"Bana layinka ne," in ji Ɗanliti. "Ni na riga na yi wa gari."