Matan da Ba Su da Sana'a

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanta ilimin zamantakewar jama'a, na ɗauki takardun tambayoyi na tafi wani ƙauye kusa da Kadawa. Ina so in san yadda noman rani ya shafi rayuwar mata. Da yake ni mace ce, ba a hana ni shiga gida ko ɗaya ba.

Tambaya ta uku ita ce, "Kina da sana'a?" A gabanta akwai gurbi biyu, "E" da "A'a". Kwana biyu ina yawo daga gida zuwa gida, kusan kowace mace "A'a" take ce mini, ni kuma in sa alama in wuce.

Rana ta uku na shiga gidan wata dattijuwa a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani. Na tarar da ita tana tsaga tumatir tana shanyawa a kan buhu, ga wata ƙatuwar tukunya a murhu ana turara shinkafa. Na karanta mata tambayar.

"Babu, 'yar nan," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na dubi tukunyar, na dubi shanyar. "To Iya, wannan fa?"

"Wannan ai aiki ne. Sana'a ta mai rumfa a kasuwa ce."

Sai na ajiye biro na ce ta gaya mini abin da ta yi tun safe. Ta fara lissafowa. Shinkafar ta wani ɗan kasuwa ce daga Kura, duk mako yake kawo mata ta turara. Tumatir ɗin wanda ya yi kwantai ne a gona, tana busarwa ta ajiye har damina, lokacin da yake daraja. A bayan ɗaki kuma tana kiwon tumaki huɗu. Na juya takardar ina rubutawa a bayanta har wuri ya ƙare.

Da na koma makaranta na nuna wa malamin da ke duba aikina. Ya daɗe yana karanta bayan takardar, gaban kuwa bai ko kalla ba. Sannan ya ce, "Sauran da suka ce a'a, kin ga abin da ke hannunsu?"

Na ce ban lura ba.

Muka soke tambayar, muka maye gurbinta da "Me kika yi jiya daga safe zuwa yamma?" Mako na gaba na sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Aikin da na zaci na kwana uku ne sai da ya ci mini wata guda.