Motar Da Ta Fi Ƙarfin Taki

Ƙasar garinmu ba ta san hutu ba. Gona tana jingine da gona, babu daji babu saura, tun kakanni ake noma ta kowace damina, kuma taki ne kawai yake riƙe da ita. Da bazara kowane magidanci yakan kora jakinsa birni da itace ko kara, ya dawo da mangala cike da sharar juji: toka, kashin awaki, da duk ruɓaɓɓen abin da mutanen birni suka zubar. A zube shi tsibi-tsibi a gona, a jira ruwa. Wanda bai kai taki ba ya san abin da zai tarar a rumbunsa da kaka.

Haka mu ma muke yi har shekarun nan da rayuwa ta yi tsanani, takin zamani ya zama sai dai a ji labarinsa. A lokacin ne Yaya, babban wana, ya dawo gida bayan ya yi 'yan shekaru yana karen mota a birni. Ya zo da baki mai daɗi. Ya ce wa Baba jaki tsohon yayi ne, abin da jakunanmu suke wahalar jigila kwana da kwanaki, a-kori-kura za ta kwashe shi a sawu ɗaya. Baba ya saurara, ya sayar da jakunan, ya haɗa da bijimin da muke kiwo, aka sayo wata tsohuwar a-kori-kura. Sharaɗin bai da wuya: Yaya ya yi haya da ita duk shekara, amma in bazara ta zo, ta taki ce. Ni ina gandu tare da Baba, da ni da matata daga rumbunsa muke ci, don haka maganar ta shafe ni ƙwarai.

Shekarar farko ya cika alkawari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Motar kuma ta zo da rediyonta na asali, mai maballai biyu da 'yar allura, yana kama tasha tsaf, babu abin da ya same shi. Sai wata rana Yaya ya shiga motar wani abokinsa a tasha, ya ga rikoda mai cin kaset, mai fitilu kore da ja suna rawa, wadda take juya kaset da kanta. Tun daga ranar rediyonmu ya zama abin kunya. Mutumin da takalminsa na roba ya sha ɗinki, shi ne yake cewa wai ba girmansa ba ne a ji shi da rediyon tsofaffi.

Ranar da aka saka masa ita ina wurin, don mun kai kara birni tare. Wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya ɓamɓare tsohon rediyon, ya gwada sabuwar, ramin ya yi mata kaɗan. Maimakon a haƙura, sai aka ɗauko zarto aka yanke gaban motar, Yaya yana tsaye yana nuna inda za a ƙara yankewa. Aka feƙe wayoyi da haƙori, aka murɗe su, aka naɗe da leda. Da aka kunna, rikoda ba ta ce uffan ba, sai abin share gilashi ne ya kama aiki. Na yi dariya, Yaya ya harare ni ya ce ƙauyanci ne yake damuna. Aka sake kwancewa aka ɗaura har ta yi ƙara.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma mai wayarin ya gaya masa irin wannan rikoda ba ta nuna kanta sai da manyan lasifika, ya fito masa da wasu akwatuna biyu, kowanne ya kai akurkin kaji. Gaban motar bai ɗauke su ba, sai aka kafe su da ƙusa a baya, a bodin da ake zuba kaya, aka lulluɓe su, aka shimfiɗa tsohon kafet a tsakani. Na tambaye shi ina taki zai zauna. Ya ce in bazara ta zo a yi maganar, ya murɗa sauti don kada in ƙara.

Muka shigo gari da kiɗa, kaji suna watsewa. Tun daga nan tafiyarsa ta canja gaba ɗaya. Ya sayi baƙin tabarau, yana tuƙi da hannu ɗaya, ko'ina ya tsaya sai ya bar kaset yana ci don a san ya iso. Ya daina ɗaukar buhuna, ya ce shi yanzu 'yan biki yake ɗauka. Bukukuwan nawa ne a waɗancan shekarun? Waɗanda ake yi ma, goro da godiya ake sallamar sa da su, ya dawo yana ba da labarin yadda aka yaba sautin.

Bazara ta zo, maƙwabta suka fara jigila, gonakinsu suka cika da tsibi, tamu tana nan fayau. Baba ba mai roƙon ɗansa ba ne, sai ya aika Inna ta tuna masa. Yaya ya ce ƙura tana kashe kaset. Aka sake tuna masa, ya ce danshin taki zai ruɓar da akwatunan, kuma cire su sai an koma wurin mai wayarin. Da na tare shi da kaina, sai ya fito da gaskiyar: wai in motar ta ɗauki warin juji, wace amarya ce za ta yarda a kai ta ɗaki a ciki? Na dube shi, na tuna da geron da ya girma da shi, wanda duk daga wannan warin ya fito. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba, kuma uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Muka nemi aron jaki, amma kowa nasa yana kan aiki, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Sai Baba ya ɗauko tsofaffin buhuna ya miƙo mini ɗaya. Akwai wani juji a gefen unguwar Bacirawa da ke bakin birni, tafiya ce mai nisa a ƙafa. Mu fita da sassafe, mu cika buhu, mu ɗora a ka, mu dawo, toka tana zubo mana a wuya. Baba a lokacin gemunsa ya yi fari, gwiwarsa kuma tana damun sa. Abin da muke kawowa a wuni bai kai abin da jaki ɗaya yake kawowa kafin hantsi ba.

Wata rana muna dawowa da rana tsaka, muka ji kiɗa a bayanmu tun kafin mu ga motar. Babu kowa a bayanta sai akwatunan nan biyu da kafet. Yaya ya tsaya a gefenmu, ya ɗan rage sauti, ya leƙo ta taga.

"Baba, rana ta yi zafi. Ku ajiye buhunan nan ku shigo in kai ku gida."

Baba ya tsaya, ya gyara buhun a kansa, ya dubi bayan motar, ya dubi ɗansa.

"Wuce abinka," in ji shi. "Mu da kayanmu muke tafe."

Ya wuce kuwa. Kafin ya sha kwana ya mayar da sautin yadda yake.

Ruwa ya sauka ba mu rufe ko kusurwa ɗaya ta gonar ba. Inda buhunanmu suka kai, gero ya yi baƙi ƙirin ya fi mutum tsawo. Sauran ya tsaya a gwiwa, ja-ja, da 'yan zangarniyoyi kamar yatsa. Rumbun bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Ranar da Baba ya shiga ya share ƙasansa da tsintsiya, ya fito da abin da bai cika ƙwarya ba, Yaya yana zaune a zaure ya wanke hannu yana jiran tuwo. Baba ya ce wa Inna ta fara zuba masa, don shi ne babba.