Allura Uku a Kasuwar Filinge

Akwai wani mutum da ke kafa tebur ranar kasuwar Filinge, kusa da masu sai da igiya, yana cire wa mutane haƙori. An ce ya taɓa yin shara a wani asibiti a Yamai, daga nan ya dawo da farar riga da sunan lokotoro, wato likita. Kayan aikinsa awartaki ne da sirinji da ƴan kwalaben maganin kashe zafi masu yini cikin rana. Iliminsa bai kai faɗin teburin nan ba, amma baki kam Allah ya ba shi.

Ni na raka gwaggona wurinsa, ƙanwar babana, wadda ta goye ni. Haƙori ya hana ta tauna komai kwana huɗu, sai fura. Ƙaramar mace ce marar jiki, kuma kowa a ƙauyenmu ya san ƴar bori ce.

Bai tambaye ta ko an taɓa yi mata irin wannan allura ba, balle ko tana shan wani magani. Ya soka, ya danna, yana hira da mai igiya. Bai jira magani ya kama ba ya cafki haƙori, ta yi ƙara, ya ƙara mata ta biyu.

"Halshena ya yi nauyi," in ji ta. "Bakina ɗanɗanon ƙarhe, kunnuwana suna kuka."

"Aikin magani na, inna. Ki yi hanƙuri."

Ya zuƙo ta uku. Ina kallo, farar riga ta rufe min baki.

Kafin ya ajiye sirinji leɓenta ya soma rawa, sai hannuwa, sai duk jiki. Ta zame daga benci ta faɗi tana shure-shure. Na dubi lokotoro, na ga idonsa ya raina fata. Amma ɗan banzan nan ya ji mata suna raɗa cewa ƴar bori ce, nan take ya sami mafita.

"Ku ja da baya, iskokinta na sunka taso. Wanga ba aikin lokotoro ba na."

Kuma aka yarda. Wata ta shimfiɗa zane, wani ya tafi neman mai goge, aka yi da'ira ana jiran a ji wanda ya hau ta. Ni ma na tsaya cikinsu, abin da har yau nake jin kunyarsa. Shi kuwa yana ta tura kwalabe cikin jaka.

Wata tsohuwa mai daddawa, abokiyar borinta, ita ta kutsa ta durƙusa, ta ɗaga mata fatar ido, ta dubi leɓenta da ya yi duhu.

"Tun muna ƴan mata nike ganin hawanta. Wagga ba iska ba ta. Ku ɗauke ta maza."

Muka sa ta a amalanken jaki zuwa asibiti. Majo, babban mai jinya na wurin, ya tambaye ni allura nawa, na ce uku. Ya yi abin da zai iya. Daga baya ya ce min maganin nan gwargwadon jikin mutum ake auna shi, kuma ana jan sirinji baya a tabbata ba a shiga jijiya ba. Nauyin harshe da kukan kunne gargaɗi ne, mai hankali a nan yake tsayawa. Ya ce da mun zo da wuri, da wataƙila an cece ta. Kafin la'asar gwaggo ta cika, da haƙorinta a baki.

Ranar uku sai ga lokotoro a zaman makoki, ya wanke farar rigar har da guga. Ya zauna a tabarmar dattawa ya tanƙwashe ƙafa, yana gaya wa babana wai tun da ya ga idonta ya san masu ita sun zo ɗaukarta. Dattawa suna gyaɗa kai. Babana bai je kasuwa ran nan ba, kuma na kasa gaya masa ina tsaye aka yi mata allura ta uku. Babana ya leƙo cikin gida ya ce a kawo wa baƙo ruwa, ya sha hanya domin mu.

Na ɗebo a randar gwaggo, na durƙusa na miƙa masa. Ya shanye, ya sa min albarka.