Dogo da Lemon Kwali

Duk wanda ya san Dogo direba a da, da fara'a da sakin hannu ya san shi. Shekara da shekaru yana jan babbar motar kamfanin lemon kwali, wadda aka zana wa lemo rabe biyu a gefe, ruwa na tsiyaya kamar ka kai baki. In an gama sauke kaya, kwalayen da suka lotse na direba ne. Da su yake komawa gida, ya raba wa maƙwabta, saura ya tura ƙarƙashin gado.

Autarsa ce ta fi kowa morewa. Da lemon nan aka yaye ta, har ta kai ruwa sai an yi faɗa take sha. Uwarta kan ce, "Malam, yarinyar nan fa ba ta cin abinci." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ƙyale ta, lemo ai magani ne."

Auta ta shiga sakandare ke nan jikinta ya canza. Ƙishirwa ba ta sakinta, tana ta zaryar banɗaki, ga kasala. Ran nan ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta. A asibiti aka ce ciwon sukari ne. Likitar ta tambayi abin da yarinyar ta fi sha, Dogo ya faɗa har da ɗan alfahari. Ta ajiye biro ta dube shi.

"Baba, ba zan ce shi kaɗai ya jawo ba, akwai gado, akwai wasu dalilan. Amma abin nan ruwa ne da sukari da launi. Daga yau ko ɗigo kada ta ƙara."

Bai yarda ba. Ya fito yana cewa a ransa likitocin yanzu sun cika tsoratar da mutane.

Ba a jima ba direban da ke ɗauko kayan haɗi ya kwanta rashin lafiya, aka tura Dogo a madadinsa. Ya ɗauka buhunan lemo zai tarar. Sai ga gangunan roba shuɗaye jere har rufin sito, da rubutun wani harshe da ba wanda ya iya karantawa a wurin. Ɗaya ta fashe, wani abu mai kauri kamar man juye ya malalo ƙasa, yana ƙamshin sabulun wanka. Ya tambayi mai kula da siton, "To, ina lemon?"

Mutumin ya tuntsire da dariya. "Haba Dogo! Duk daɗewarka, ka taɓa ganin ɓawon lemo a bolar kamfani?"

Bai taɓa gani ba. Ko kayan bai ɗora ba, ya juya motar wayam, ya haye bene ofishin manaja babu sallama.

"Yallaɓai, tambaya ɗaya na zo da ita. 'Ya'yanka suna shan abin nan?"

Manajan ya kurɓi ruwan gorar da ke gabansa. "Komai a rubuce yake a bayan kwalin. Hukuma ta ba mu izini. Wani ya ɗaure ka ya ɗura wa 'yarka?"

"Rubutun da ya fi ƙafar tururuwa ƙanƙanta? Hoton kuka yi ƙato don irina, gaskiyar kuka ɓoye a baya! Da hannuna na kai wa 'yata cuta, ina yi muku godiya. Allah ya isa!"

Ya doka makullin motar a kan tebur har gorar ta kife. Masu gadi suka fito da shi riƙe da hannu, kamar ɓarawo.

Tun daga ranar fara'ar Dogo ta ɗauke. Ya samu wata tsohuwar akori-kura yana dakon kayan lambu zuwa kasuwa, amma bakinsa bai huta ba. Baƙo ya zo gaishe da Auta da kwali a leda, ya maida shi daga ƙofa. Mai shagon layinsu ya daina amsa gaisuwarsa. Wata rana ya fizge kwali daga hannun wani yaro a tasha, uwar ta taso masa kamar za ta cinye shi.

"Kai ka haifa min shi? Ka san wahalar da nake sha kafin in sa masa wani abu a jaka? Na gasken ka saya mana mana, mai gaskiya!"

Maganar ta ƙara ƙona masa rai. Kamfani kuwa ko gezau, har sabon launi ya fitar, ja, mai hoton wani ɗan itace da Dogo bai taɓa gani a kasuwa ba.

Abin da ya fi yi masa ciwo daga cikin gidansa ya fito. Babban ɗansa, wanda ya daɗe yana zaman kashe wando, ya same shi yana wanke mota, ya durƙusa.

"Baba, na samu aiki. Direba suke nema."

Dogo bai tambayi su wa ba, fuskar yaron ta faɗa masa kamfanin lemon ne. Ya ɗaga tsumman hannunsa kamar zai make shi. Ta taga ya hango Auta zaune a bakin gado, ta ɗage riga tana neman inda allurar ciwon sukari ba ta taɓa ba a cikinta. Allurar nan, akori-kura ba ta iya ɗaukar nauyinta kowane wata, shi ma ya sani.

Ya sauke hannun. "Je ka. Amma motar nan ba ta tsaya min a ƙofa, kuma ko kwali ɗaya ya shigo gidan nan, kai da shi za ku fita."

Yaron ya kama aiki. A bayan layi yake ajiye motar, ya tako gida da ƙafa. Suna cin abinci a kwano ɗaya da ubansa har yau, amma ba a taɓa jin Dogo ya ce masa ya aiki ba.