Ƙwaryar da Suka Wanke

A shekarun hamsin, kafin mulkin kai, ina aiki a ɗakin shan magani na Kalgo, ina wanke gyambo ina raba maganin tari. A Gwandu aka haife ni, can na yi firamare, iyakar karatuna ke nan. Yayata, wadda nake ce wa Adda, aure ya kawo ta Kalgo tun kafin zuwana, kuma da nono aka san ta a kasuwa. Ƙwaryar da take kwantar da madara a ciki ta Innarmu ce, Allah ya jiƙanta. Cikinta ya yi baƙi, ba a taɓa sa mata sabulu ba. Sai dai a ɗauraye da ruwan ɗumi, a bar ɗan nonon jiya ya kama madarar yau. Haka Inna ta yi a Gwandu, haka Adda ta ci gaba.

Wata shekara bayan kaka, mutum uku suka sauka a wurinmu daga wata babbar kwaleji ta Kudu, da akwatunan kwalabe da madubin ganin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Da yake ina da ɗan Turanci, ni aka sa in yi musu tafinta. Na kuwa bi su ɗaya-ɗaya da tambaya, don ni ba na iya barci in ban san abin da ya kawo baƙo ba.

Babbansu Bature ne, ya yi likitan soja lokacin yaƙi, ya ga yadda zawo ke kashe mutane, tun daga nan ba ruwansa da komai sai rijiya. Na biyun ɗan masunta ne daga bakin teku, dodon koɗi yake tsinta a fadama yana bin sawun tsargiya. Na ukun mai fara'a ne, mahaifinsa mai gidan burodi. Ya ce tun yana ƙarami yake mamakin abin da ke sa ƙullun burodi ya tashi, shi ya sa yake bin duk abin da ke tsami: gasara, daddawa, nono. Shi ba cuta yake nema ba. Da bakinsa ya faɗa mini.

Ranar kasuwa ya ɗanɗana nonon Adda, ya lumshe ido, ya ce in roƙa masa aron ƙwaryar. Na matsa kusa da ita na rage murya.

"Adda, kada ki ba da ita a gaban mutane. Bari a watse in kai masa a ɓoye."

"Kai dai ba ka rabo da tsoro, malamin gyambo," in ji ta. "Baƙo ya roƙi aro, in ce mishi mi? Ɗauka zai yi ya maido."

Ya ɗauke ta da hannu biyu, da farar rigar aikinsa, ya ratsa tsakiyar kasuwa har ɗakin shan magani. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa masu madubi sun kama ƙwaryar Adda. Ranar kasuwa ta gaba Adda ta fito da wata ƙwarya, ta zauna tun hantsi, ba wanda ya tsuguna a gabanta. Mai nonon da ke kusa da ita tana ta kiran masu wucewa, "Ku zo nan, namu bai kwana asibiti ba."

Abin da nake nema ɗan kaɗan ne: mutum ɗaya cikinsu ya taka zuwa kasuwa ya ce ba a ga cuta a nonon nan ba. Na fara da ɗan mai burodi. Ya ce ai nonon ya burge shi ƙwarai, amma maganar cuta ba fanninsa ba ce, ba zai faɗi abin da bai auna ba. Na je wurin ɗan masunta, yana jera dodon koɗi a faranti. Ya ce ya tausaya, amma shi tsargiya ya karanta. Na tsaya gaban Baturen har ƙafata ta gaji. Bai ɗago daga madubi ba ya ce, in ruwan rijiyarta ne in kawo.

Mutum uku, kowa da tulin karatunsa, kowa ya san asalin abin da ya sa shi wannan aiki, ya ba ni labari da daɗi. Amma aka rasa wanda fanninsa ya kai ga mace zaune a rana da nonon da ba a saye.

Da suka tashi maido da ƙwaryar, da ƙyar na gane ta. An kankare cikinta fes, an tafasa ta, tana warin maganin da nake wanke gyambo da shi. Ɗan mai burodi ya miƙo mini yana murmushi. Ya ce ƙa'idarsu ce, duk abin da ya shiga ɗakin aikinsu ba ya fita sai an kashe duk mai rai da ke jikinsa.

Adda ta shinshina, ta jujjuya ta.

"Wanga aikin wa?"

"Sun ce tsafta ce."

"Tsafta," ta ce.

Ta gwada kwantar da madara a ciki. Madarar ta tsinke, ruwa gefe guda, ga wari. Ni kuma na shiga kasuwa da kaina, na tsaya wurin masu nono na ce na ji da kunnena, mutumin ba cuta yake nema ba. Wani tsoho mai sayar da faifai ya ce, "To malam, ba ƙanenta kake ba? Su masu madubin ba su da baki?"

Ranar da za su tafi, ɗan mai burodi ya kira ni ya nuna mini wata 'yar kwalba a cikin auduga. Ya ce ƙwayoyin da ke sa nonon Adda tsami ne, bai ga irinsu ko'ina ba, zai riƙa ciyar da su a kwaleji don kada su mutu. Na ce to ya ɗiba mini ko cikin cokali ne, ta sake kama madararta da shi. Ya girgiza kai, ya ce abin da ya shiga kwalba ba na ci ba ne, ba a yarda ba.

Adda ba ta koma kasuwa da nono ba. Madarar shanunta ɗanya ta riƙa ba maƙwabciyar nan mai kiran masu wucewa. Ƙwaryar Inna kuwa, a ciki take zuba wa kaji dusa har ta tsage.