Dosiyen Mai Garka da Na Rufe Sau Uku

Edita, gaisuwa gare ka da masu karatunka. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na riƙe abina. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan Damagaram, na gama digiri na biyu a wata jami'a can arewacin Aljeriya, tallafin karatu ya ƙare, kunya kuma ta hana ni komawa gida hannu rabbana. Sai na sauko Tamanrasset wurin kawuna mai shagon atamfa da turare, ya ba ni ɗan ɗakin bayan shago a unguwar Gataa El Oued. Ina da girman kai a lokacin, gara in faɗa da bakina. Samarin unguwar 'yan gida ne, harshenmu ɗaya, amma da sassafe sun fita wurin gini, da magariba su dawo jiki duk siminti, hirarsu ba ta wuce aiki da jandarma da labarin hanya. Ni kuma ina ganin na fi ƙarfin wannan hirar. Su ma ba su raga min ba, suka laƙa min suna Farfesan Atamfa. Haka nake wuni cikin mutane, ba ni da ko mutum ɗaya da zan buɗe wa cikina.

Wani tsohon malamina ne ya haɗa ni da aikin sakatare a wata ƙaramar mujallar bincike kan noma da ruwa a ƙasashen hamada, ta wata ƙungiyar malamai da ke warwatse a garuruwa daban-daban. Ba buro, wato ofis, ba abokin aiki, daga ni sai ordinatar, wato kwamfuta, a kan tabarma. Idan marubuci ya turo maƙala, ni ke buɗe mata dosiye, wato fayil, in tura wa masana biyu su duba, in yi ta bin su da tuni har su ce a buga ko kada a buga. Babban edita, wani farfesa da ban taɓa ganin fuskarsa ba sai muryarsa a waya, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: kwana nawa marubuci ke jira kafin a ba shi amsa. Ya ce masu auna mujallu da wannan suke gane wadda ke kyautata wa marubuta. Ya kafa min doka kada dosiye ya haura kwana sittin, kuma duk wata uku in aika masa lissafi. Masu dubawar nan kuwa kyauta suke aikin, kowa da hidimarsa, wani sai ka tuna masa sau biyar ya ce maka gobe.

Ni da kaina na ƙirƙiro dabarar, ba wanda ya koya min. Na lura cewa idan aka mayar wa marubuci maƙalarsa aka ce ya gyara ya sake turowa, dosiyen farko ya rufu ke nan, an ba da amsa cikin lokaci, sabon kuma sai ya fara ƙirga daga kwana ɗaya. Don haka duk wanda na ga ya doshi sittin, sai in laluɓo masa aibi, ko tsarin jera littattafan da ya karanta bai bi ƙa'ida ba, ko taswirarsa ba ta fito sosai ba, in aika masa da sunan kwamitin edita. Lissafina ya yi kyau har farfesa ya kira ni yana ta sa min albarka. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Abin da na ƙi tsayawa in duba shi ne, sabon dosiye bayan layi yake komawa, a kuma nemo masa sababbin masu dubawa su fara daga farko.

Cikin waɗanda na yi wa haka har da wani mutum da ya rubuta kan yadda masu garka, wato lambu, a Abalessa kusa da Tamanrasset ke raba ruwa bi da bi, da abin da hakan ke yi wa dabino. Da ya sake turowa, sai na ga a ƙasan saƙonsa na Faransanci ya rubuta da Hausa yana tambaya ko sakataren nan ɗan gida ne, don sunan ya yi masa kama. Wallahi sai da na karanta layin nan sau uku. Ashe Buzu ne daga wajen Agadas, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, yana doktora a wata jami'a ta arewa, yana kuma aikin garka a Abalessa don ya ci da iyalinsa da ke gida. Da ya ji a Tamanrasset nake, sati bai zagayo ba sai ga shi a ƙofar shago, dogo da rawani, da ledar dabino a hannu. Daga nan duk shigowarsa gari sai ya biyo. Kawu ya ɗora mana shayi, mu zauna bayan la'asar muna gardamar littattafai, yana tsokanata wai Hausar Damagaram gudu take kamar an biyo ta. Yaya nake ce masa, shi kuma ƙanena. Tun da na zo garin nan ban yi dariya irin ta waɗannan ranaku ba.

A wurin shayin ne ya gaya min halin da yake ciki. Jami'arsu ba ta barin ɗalibi ya kare kundinsa sai ya kawo takardar shaidar cewa wata mujalla ta karɓi maƙalarsa, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe, idan ta wuce za a soke rajistarsa. Shekara shida yana auna ruwa a rijiyoyin mutane. Bai taɓa roƙona in yi masa alfarma ba, ya ce shi dai ya san kwamiti na da tsanani, kuma tsananin alheri ne ga ilimi. Na sunkuyar da kai ina juya kofi, don na san kwamitin da ya mayar masa da aikinsa har sau biyu, shi ne ke zaune gabansa yana cin dabinonsa.

A zagaye na uku na yi niyyar tsaya masa, Allah ya sani. Masani na farko ya amsa da wuri, ya ce a buga. Na biyun ya yi shiru. Na tuna masa, na sake tunawa, shiru. Kwanaki suka kai hamsin da takwas, lissafin wata uku kuma ranar Alhamis ɗin nan zan aika, dosiyen Yaya ne kaɗai zai ɓata shi. A satin ne kuma farfesa ya yi min alkawarin takardar yabo da zan nemi gurbin doktora da ita, ya ce bai taɓa samun sakatare irina ba. Da hantsi, kawu na ciniki da wasu mata a gaba, na zauna na ce wa raina saura wata biyu a wa'adin Yaya, zan sa masa sababbin masu dubawa masu sauri, ba abin da zai rasa. Na rubuta cewa hotunan rijiyoyinsa ba su kai girman da ake so ba, na danna, dosiye ya rufu.

Bayan kwana uku sai ga rahoton masani na biyu a imel ɗina, da ban haƙuri kan jinkiri. Ya yaba aikin ƙwarai, ya ce a buga bayan ɗan gyaran da bai fi na wuni ɗaya ba. Kaico! Da na yi haƙurin kwana ukun nan, da Yaya ya karɓi takardarsa a satin. Ko a lokacin ma akwai mafita, don farfesa na iya sake buɗe dosiyen da aka rufe. Amma sai na gaya masa dalilin rufewar, daga nan kuma zai tono sauran. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Tsoro ya ci ni, na bar rahoton a inda yake. Sababbin masu dubawar da na yi taƙama da su suka kwashe wata huɗu. Ranar da takardar karɓa ta fito, an riga an soke rajistar Yaya da sati bakwai.

Abin da ya fi ƙona min rai, da ya shigo gari bayan haka, godiya ya zo yi min. Ya rame, amma ya ce haka Allah ya rubuta, kuma a duk wahalar nan ni kaɗai ne ba na barin saƙonsa ya kwana biyu ba amsa. Ya ce da kowace mujalla na da irina da marubuta sun huta. Na ajiye shayina ban ƙarasa ba. Wata guda na yi ba na iya kallon kawu ma a ido, har ya tambaye ni ko ciwo nake ɓoyewa.

Wata Juma'a na hau mota zuwa Abalessa. Na same shi a garka, ƙafa cikin laka, yana karkata ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. A tsaye na faɗa masa komai, tun daga rufewar farko har rahoton da na ɓoye. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zage ni. Bai ɗago ba sai da fangalin ya cika ya toshe bakinsa da ƙasa. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya tak, me masanin nan na biyu ya ce game da aikin. Na ciro waya na karanta masa. Da na kai inda mutumin ya ce bai taɓa ganin wanda ya fahimci rabon ruwan garake kamar wannan marubuci ba, sai Yaya ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Ya gyara rawaninsa ya rufe fuska har idanu, ya ce in hanzarta kada motar komawa ta bar ni. Bai kira ni ƙanena ba. Bai sake zuwa shago ba, daga baya na ji ya koma Agadas.

Na rubuta wa farfesa gaskiya na ajiye aikin, takardar yabon ma ban karɓa ba. Har yau ina shagon kawu ina auna atamfa, kuma kaɗaicin yanzu ya fi na da ciwo, don wannan ni na saya da hannuna. Abin da na koya shi ne, an kafa ƙirgar kwanakin nan ne don kada a wahalar da marubuci, ni kuma na wahalar da shi don ƙirgar ta yi kyau. Ku masu auna mujallu, ku riƙa ƙirgawa daga ranar da mutum ya fara turo aikinsa har ranar da ya samu amsar ƙarshe, ku kuma tambayi marubutan da bakinsu. Kai kuma da ke riƙe da takardar wani, a mujalla ne ko a buro ko a lekkol, wato makaranta, idan ka yi kuskure ka faɗa tun ana iya gyarawa. Ni na yi wata biyu cur ina da damar gyara nawa da kiran waya ɗaya, ban kira ba.